Ƙofar Kaka Mai Ruwan Ɗorawa

Ranar ashirin da bakwai ga watan azumi, shekarar da nake aji huɗu a makarantar boko, Baba ya shafe gidanmu na Salaga da farar ƙasa tun daga zaure har makewayi. Ya taho da buhunta daga Bawku a bayan lorinsa, ya jiƙa ta a rabin durom, ya ɗaure tsintsiya a kan gora, mu kuma yara aka ce mu yi ta jido ruwa daga rijiyar bayan gida. Haka ake yi a unguwarmu idan sallah ta matso, mai hali ya ɗan shafe fuskar gidansa. Amma Baba ba ya yin abu rabi da rabi. Bango ya sha, ƙofofi suka sha, dakalin zaure ya sha, har darbejiyar ƙofar gida sai da ya sa mata farin wando. Kafin azahar gidan yana ɗaukar ido kamar an shanya sabon alawayyo, maƙwabta suna leƙowa suna sa albarka. Ana cikin haka kakata ta fito daga ɗakinta da buta a hannu. Ta yi taku kaɗan, ta tsaya cik a tsakar gidan da take sharewa tun tana amarya. Ta juya hagu, ta juya dama, sannan ta miƙe kai tsaye ta yi karo da turmi ta faɗi. Butar ta yi gefe, ruwan ya malale a ƙasa.

Sunanta aka sa mini, don haka duk gidan ba mai kirana da sunan yanka, ita kuwa Takwara take ce mini. A ɗakinta nake kwana tun da aka yaye ni. Doguwar mace ce mara jiki, ga tsabta ga baki. Kakanninta fataken goro ne da suka zo Salaga suka zauna, kuma ba ta bari kowa ya manta da haka. Idan ɗan unguwa ya zo ya ce mata "Kaka ya tashi lafiya?" sai ta ce masa ita dai ba ta zama namiji cikin dare ba, ya koma ya gyara gaisuwarsa ya dawo. Sana'arta goro. Kullum da hantsi za ta ɗauki farantinta ta fita gindin darbejiya, ta jera fari gefe, ja gefe, ta rufe da ɗanyen ganye tana yayyafa ruwa. Gwanjawa da Dagwambawa da mutanenmu na zango duk a wurinta suke tsayawa, rabi don goro, rabi don jin abin da za ta ce a kan wanda ya wuce. Ɗakinta shi ne na farko a hannun dama in ka shigo, ƙofarsa tsohon katako ne da man kaɗanya da hannun mutane suka mayar baƙi wuluk. A ciki ta haifi Baba da ƙanwarsa, a ciki mijinta ya cika. Takan ce, "Ƙafata ta san gidan nan tun ba a san za a yi ubanki ba."

Kafin faɗuwar nan ban taɓa sanin Kaka na bukatar kowa ba. Ni ce ma mai bukatarta. Da asuba za ta tashe ni in share tsakar gida, in ba awaki ɓawon doya, in cika randuna, sannan in wanke ƙafa in ruga makaranta da ƙullin ƙosai a aljihu. Ranar da babu karatu mukan bi Inna, mahaifiyata, gona, mu yi ta kai irin doya daga kunya zuwa kunya har wuyanmu ya sage, ko mu shiga daji tsintar kaɗanya muna tsoron maciji. Da yamma kuwa filin bayan masallaci namu ne. Muna ampe, wasan da 'yan mata ke tsalle suna tafi suna jefa ƙafa, kuma ba yabon kai ba, a unguwarmu ba mai kayar da ni. In na dawo da ƙafa buɗu-buɗu, Kaka ce ke tare mini faɗan Inna, ta ce a bar mata takwara, ita ma haka ta yi.

Bayan ta faɗi sai ta zama wata daban. Gwiwarta ta warke cikin 'yan kwanaki, amma ta daina fita. Farantin goro ya koma ƙarƙashin gado. In za ta makewayi sai ta kira ni ƙasa-ƙasa, ta dafa kafaɗata, idonta a runtse, muna tafiya kamar masu tsallake rafi. Ban ƙi riƙe ta ba, amma abin yana ci mini rai, domin ni ban san Kaka da dafa kowa ba. Manya suka duba idon suka ce yana ce, ga ta nan fari-fari a tsakiya. A lokacin akwai wani mutum mai yawo gari-gari yana ture yana da allura, aka kawo maganarsa, Kaka ta ce ta ga yadda ya gama da idon wata ƙawarta, nata dai a bar mata shi yadda Allah ya bar shi. Kowa ya yarda ta makance, har ana cewa ikon Allah, jiya tana gani yau babu. Baba ya kwana biyu yana sake-sake, sannan ya kai wa ƙanwarsa magana a Bawku.

Aikin Baba ke nan, ya ɗebi doya a Salaga, ya bi ta Yendi ya kai Bawku, ya juyo da albasa. Ana jibi babbar sallah ya juyo da albasa da Gwaggo Lariba da ɗanta Awudu, wanda ya ɗan girme ni. Gwaggo mace ce mai kuzari, tana da rumfar atamfa a kasuwar Bawku, kuma in ta yanke magana ta yanku. Ta zo ne ta tafi da uwarta. Ba zan ce ba ta da gaskiya ba. Inna na da goyo ga gona, ni ina makaranta rabin yini, Baba yana kan hanya, ga rijiya a buɗe a bayan gida. A Bawku kuwa akwai ɗaki da siminti da masu zama da ita. Aka tsayar cewa in an gama cin naman sallah, lori ya yi lodi, da Kaka za a tashi. Gwaggo ta shiga ɗakin tana ninke zannuwa tana ɗaure kwanuka, Kaka na zaune bakin gado tana jan carbi. Sau ɗaya na ji ta buɗe baki, ta ce a nan aka kawo ta, a nan ta so a ɗauke ta. Gwaggo ta yi kamar ba ta ji ba, amma na ga ta daɗe tana ninke zane ɗaya. Ni kuwa na tsani Gwaggo a kwanakin nan, na tsani Bawku da ban taɓa gani ba, har albasa na daina ci.

Awudu bai san ana wani tashin hankali ba. Shi damuwarsa ya nuna mana cewa mu 'yan ƙauye ne. Mu a Salaga wasan wutarmu na sallah soson ƙarfe ne na wanke tukunya. Mukan ɗaure shi a bakin waya, mu dangwala a garwashi, mu yi ta wulwulawa, tartsatsi ya riƙa zuba kamar ana sheƙar gero. In mun samu jar wayar tsohuwar rediyo mu jefa a murhu, harshen wutar ya ɗan yi kore, mu yi ta ihu. Awudu ya kalli wannan ya taɓe baki. Ya ce a Bawku, da yake bakin iyaka ne, abin da ake shigowa da shi daga Togo sai wanda ya gani. Ya zaro wasu sanduna daga cikin jakarsa, an naɗe su da takarda mai ƙyalli, ya ce sai ranar sallah in rana ta faɗi.

Ranar sallah bayan magariba yaran unguwa suka cika ƙofar gidanmu. Na ce ba zan bar Kaka ita kaɗai a ɗaki ba, ita kuma ta ce ba za ta hana ni kallo ba, don haka na jawo ta na shimfiɗa mata tabarma a dakali. Gwaggo da Inna suna zaure suna suyar nama, Baba ya dawo daga masallaci ya tsaya yana gargaɗin kada a ƙona masa tamfol. Awudu ya kafa sanda a cikin kwalba, ya kunna, ya ja da baya yana hura hanci. Abin ya yi tari sau ɗaya, sai ga dunƙulen wuta ja ya tashi sama da darbejiya ya fashe. Wani ya biyo shi kore shar, wani ruwan ɗorawa, kowanne ya buɗe a sama ya zubo. Ban taɓa ganin launi irin wannan ba, ko a atamfa, ko a littafin makaranta. Muna tsalle muna tafi, har na manta da wadda ke bayana. Sai na ji muryarta, irin ta da, mai kaifin nan da take yi wa masu wucewa.

"Jan nan ya cika rawar kai. Koren ya fi shi natsuwa."

Na juyo. Fuskarta na sama, idonta a buɗe, tana bin wutar da kallo. Awudu ne ya fara magana da Hausarsa ta Bawku, ya ce, "Kaka ya gani fa. Wallahi ya gani." A ranar ba ta gyara masa ba. Baba ya matso ya durƙusa a gabanta, ya ce, "Mma, kina gani?" Ta ci gaba da kallon sama har sandar ta ƙare. Sannan ta ce yanar nan ba jiya ta zo ba, ta yi shekaru tana rufe ta a hankali, ita ce dai ba ta faɗa wa kowa ba don kada a zaunar da ita. Fuskar mutum ta daɗe da ɓace mata, da murya take gane mu. Amma launi tana gani in ya yi ƙarfi. Baƙar ƙofarta take nema in za ta ɗaki, jan bangon laka take bi zuwa makewayi, bangon madafa da hayaƙi ya turnuƙe shi ke gaya mata ta kusa turmi. Ranar da aka shafe komai fari, sai gidan ya zama hazo guda, in rana ta doke shi kuma har hawaye yake sa ta. Baba ya tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba tun a lokacin.

"Ɗana ya wuni da azumi a bakinsa yana gyara mini gida," in ji ta. "Sai in fito in ce ya makantar da ni?"

Baba ya daɗe a durƙushe. Washegari tun kafin a karya na ji yana buɗe akwatin kayan gyara na lori. A Yendi akwai wani mai fenti, Badagwambe, abokinsa, wanda ya zana masa furanni da tsuntsaye a jikin katakon lorin, ya kuma ba shi ragowar gwangwanayen don in wani wuri ya goge ya taɓa. Baba ya jera su a tsakar gida, ya ɓamɓare marafan da wuƙa. Aka fito da Kaka aka zaunar a inuwa, ni kuma aka ce in riƙa ɗaga murfi ɗaya-ɗaya ina ja da baya. Ruwan ɗorawa ta gan shi har na kai bakin zaure. Ja ma haka. Kore sai na ɗan matso. Shuɗi kuwa ta ce wannan ai baƙi ne, in daina yi mata wasa da hankali. Farin da ke ciki Baba da kansa ya mayar akwati.

Gwaggo ba ta so abin ba ko kaɗan. Ta ce gidan mutunci ne, ba tashar mota ba, kuma fenti ba ya rufe rijiya. Baba ya ce rijiya zai yi mata murfi, sauran kuma a bari a gani. Suka yi ta ja-in-ja a zaure, daga ƙarshe ta ce ta ji, amma sharaɗinta ɗaya. In ta ga uwarta da idonta ta fito daga ɗaki ta je makewayi ta dawo, ta ɗauki farantinta ta fita ƙofar gida, ba hannun kowa a jikinta, to za ta kwance kaya. In ba haka ba, kada wanda ya sake yi mata musu.

Buroshi ɗaya gare mu, don haka Baba ya riƙe shi, ni da Awudu muka daddaƙe bakin itace muka yi namu. Aka sirka fentin da kananzir don ya kai. Kaka na zaune tana ba da umarni kamar mai gidan gini. Ƙofarta ta ce a yi mata ruwan ɗorawa, tun da shi ne ba ya ɓace mata. Ƙofar makewayi ja. Muka ja kore mai faɗin tafin hannu a jikin bango, daidai ƙugunta, tun daga zaure, ta ɗakinta, har makewayi. Turmi ya samu jan ɗamara, randa ta samu, dutsen da ke bakin madafa ya samu, butarta ma sai da na yi mata wuya. Da gwangwanin ja ya rage, Awudu ya ga ƙofar ɗakin awaki tana tsaye fara fat kusa da makewayi, ya ji tausayinta ya shafe ta ita ma, ba wanda ya lura. Warin fenti ya hana kowa jin daɗin naman sallah. Hannuna ya yi mako yana da launi uku, gashin Awudu kuwa sai da aka aske. Maƙwabtan da suka sa albarka ran farar ƙasa suka dawo suna leƙe suna ƙunshe dariya, kuma daga ranar aka raɗa wa gidanmu suna Gidan Lori.

Da fentin ya bushe, lori ya riga ya yi lodin doya yana jira a tasha. Da hantsi muka taru a tsakar gida, kowa ya sami abin da zai riƙe don kada a ce kallo yake yi. Inna na tsince shinkafar da ta riga ta tsince. Gwaggo na tsaye ta harɗe hannu, ƙullin kayan Kaka a gefenta. Ni kuwa na ji kamar in je in tsaya a bayanta, Baba ya riƙe mini hannu. Kaka ta ɗaga labule ta fito da buta. Ta tsaya, ta ƙanƙance ido, ta sami koren layin, ta bi shi ba tare da ta taɓa bango ba. Ta kewaye turmi har da ɗan ɗage zane. Ta kai ƙarshen gida, ga jajayen ƙofofi biyu a jere, ta tura ta farko ta shige. Awaki suka ɓarke da kuka. Na ce a raina shi ke nan, Bawku ta ci. Sai ga ta ta fito a natse, ta ja ƙofar, ta ce ta kwana biyu ba ta gai da su ba ne, kuma wanda ya yi wa awaki ƙofa irin ta mutane ya zo ya goge kafin ta gano shi. Ta shiga ta biyu. Da ta fito ta juyo, ta nufi ƙofarta kai tsaye, ta sunkuya ta jawo faranti daga ƙarƙashin gado, ta wuce mu duka ta fita gindin darbejiya. Daga can muka ji ta tana cewa a kawo mata goro da ganye, ko so ake ta sayar da iska.

Gwaggo ta fara dariya, dariyar ta koma kuka, ta zauna a kan ƙullin kayan tana share ido da bakin mayafi. Da hannunta ta kwance shi, ta mayar da kowane kwano inda ta ɗauke shi. Da rana lori ya tashi da ita da Awudu da doya. Ni kuwa a ranar na yi ampe har aka kira magariba.

Kaka ta ƙara shekaru masu dama a ɗakinta. Duk lokacin da Baba ya tsaya a Yendi sai ya karɓo ragowar fenti, duk kusantowar sallah mu sabunta. Ta je Bawku sau ɗaya, da ƙafarta da son ranta, sunan jikar Gwaggo. Ta dawo tana ba da labarin cewa ta tarar an yi wa ƙofar ɗakin baƙi ruwan ɗorawa, wai Gwaggon da ta ce ba ta son tashar mota. A hankali kore ya ɓace mata, daga baya ja ya bi shi, ruwan ɗorawa ne ya zauna da ita har ƙarshe. Ranar da za ta rasu ta wuni a gindin darbejiya, da la'asar ta ce jikinta ba daɗi, ta tashi ta shiga ɗakinta ba wanda ya riƙe ta. A nan aka ɗauke ta, kamar yadda ta so.

Yanzu a Bawku nake aure, garin da na taɓa rantsewa ba zan taka ba. Gidanmu na Salaga an rushe lakar an yi bulo, an shafa masa fenti ruwan toka irin na kowa, yaran unguwa ba su ma san ya taɓa yin wani suna ba. Bara Gwaggo Lariba ta fara laluben ƙofa, na kai ta asibitin ido. Aikin bai ɗauki lokacin dafa tuwo ba. Da aka cire mata bandeji ta dube ni sama da ƙasa, ta ce atamfar da na ɗaura ta yi wa shekaruna yawa, in bar wa yara. Na yi dariya, amma a hanyar gida Kaka ce a raina. Da a wannan zamanin take, da ta ga fuskata na girma, da ta ga 'ya'yana ta yi musu tsiya ɗaya bayan ɗaya. Ba ta samu wannan ba. Abin da ke hannunmu a lokacin ragowar fentin lori ne, shi muka ba ta, kuma ya ishe ta zama a gidanta.